Babi na Shida: Tukunyar Burukutu da Ilimin Tsiron Dawa

A ƙauyukan da ke kewaye da Keffi, daga hanyar Garaku zuwa Akwanga har hanyar Gitata zuwa Panda, mai sayen burukutu ba ya fitar da kuɗinsa sai an ɗebo masa ɗanɗano a 'yar ƙaramar ƙwarya. Kurɓi ɗaya ya ishe shi ya san ko tsamin ya yi daidai ko ya wuce kima, ko an tsinka shi da ruwa, ko wuta ta kama gindin tukunya har ƙauri ya shiga, ko na yau ne ko kwantai. In bai gamsu ba sai ya ajiye ƙwarya ya nufi gida na gaba, ba wanda zai ce ya yi laifi. Wannan ɗanɗano shaida ce cewa burukutun gida biyu ba ya zama ɗaya, domin kowace mai dafawa da irin dawarta, da ruwanta, da yadda take sarrafa wuta, da yawan kwanakin da take bai wa tsiro. Abin da wannan babi yake son kafawa shi ne, abubuwa biyu ne a cikin tukunyar nan: akwai maye, wanda addini ya haramta kuma likitoci suka tabbatar da illarsa, akwai kuma ilimin tsirar da hatsi da juya sitacinsa ya koma zaƙi, wanda yana cikin mafi zurfin fasahar da matan wannan yanki suka gada. Ƙyamar da muke yi wa na farko, wadda take bisa hujja, ta sa mun rufe ido ga na biyu, har wasu suka zo suka ɗauke shi suka gina masana'antu a kansa.

Keffi wuri ne da ya dace a yi wannan magana a cikinsa, saboda inda Allah ya ajiye shi. Abdu Zanga, Bafulatani daga ƙasar Katsina, ya kafa garin a farkon ƙarni na 19, masarautar kuma ta kasance ƙarƙashin Zazzau a zamanin Daular Usmaniyya. Cikin ganuwa gari ne na Musulmi, na malamai da fatake, amma karkarar da ke ciyar da kasuwarsa ta Gwandara ce da Gbagyi da Yeskwa da Afo da Mada da Eggon da Koro, daga baya kuma Tibi manoma suka ƙaru. A wurin yawancin waɗannan al'ummomi, kafin Musulunci da Kiristanci su yaɗu a cikinsu, giyar dawa ita ce ladan gayya, da ita ake neman aure, ake sallamar mamaci, ake sasanta rigimar gona. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigo da barasar Turai yankunan da ba su saba da ita ba, Turawan mulkin mallaka kuma suka sa Arewacin Najeriya cikin wannan hani, don haka tukunyar gida ta daɗe ba ta da kishiya a nan kamar yadda ta samu a Legas da Kalaba. An ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga Filato ranar 1 ga Oktoba 1996, kuma lokacin da jihohi 12 na Arewa suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci daga 1999 zuwa 2001, Nasarawa ba ta shiga sahunsu ba. Saboda haka har gobe mai sayar da kunun zaki da mai dafa burukutu suna auna dawa a wurin ɗan awo ɗaya, suna kai niƙa inji ɗaya.

Abin da ake yi a waɗannan ƙauyuka shi ne abin da Turai da Amurka suka rasa, suka dawo suna nema da kuɗi mai yawa. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanonin giya da suka rage a duk faɗin Amurka ba su kai 100 ba, manya sun haɗiye ƙanana, ɗanɗano ya zama iri ɗaya daga wannan gaɓar teku zuwa waccan. Wasu 'yan Ingila suka kafa ƙungiyar CAMRA a 1971 don kare giyar gargajiya daga irin wannan haɗiya. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa Amurkawa dafa giya a gidajensu, daga nan ƙananan gidajen dafawa suka yi ta tsirowa har yau sun haura 9,000. Tsarinsu kuwa sananne ne: a dafa kaɗan, a sayar a inda aka dafa, mai saye ya san mai dafawa, a jera masa ƙananan kofuna ya ɗanɗana kafin ya zaɓa. Wannan yayi ya iso Najeriya, domin a 2017 aka buɗe Bature Brewery a Abuja, tafiyar kilomita 50 da 'yan kai daga Keffi, kafin kamfanin ya koma Legas. Duk sharuɗɗan nan huɗu matan karkarar Keffi sun cika su tun kaka da kakanni. Bambancin kawai shi ne, a can an ɗauki mai dafawa gwani, ana rubuta littattafai a kan aikinsa, jami'o'i suna koyar da shi, a nan kuwa an ɗauke ta jahila mai aikin ƙazanta.

Kafin a yanke mata wannan hukunci, ya kamata a bi aikin daki-daki. Ƙwayar dawa cike take da sitaci, shi kuwa yis, wato ƙananan halittun da ke sa ƙullu ya tashi, ba ya iya cin sitaci sai sukari. Dole ke nan a sami abin da zai farfasa sitacin, kuma wannan abu yana cikin ƙwayar kanta, sai dai ba ya farkawa sai ta fara tsiro. Don haka mai dafawa takan jiƙa dawa kwana ɗaya ko biyu, ta tsame, ta baza a ƙasa ta lulluɓe da ganye ko buhu, tana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana uku zuwa biyar. A cikin waɗannan kwanaki ƙwayar tana samar da sinadarin da masana ke kira amilas, wanda aikinsa shi ne mayar da sitaci sukari don ciyar da ɗan tsiron. In aka katse tsiron da wuri, sinadarin bai isa ba. In aka bar shi ya yi tsawo, tsiron ya cinye abincin da ake nema. In ruwa ya yi yawa, fumfuna ta kama. Ita take duba tsawon saiwa da ƙanshi ta san lokaci ya yi, ta shanya a rana don ta tsayar da tsiron ba tare da ta kashe sinadarin ba. Akwai kuma haɗari a wannan mataki da duk makiyayi ya sani, tunda ya san gyauron dawa yana kashe saniya: ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanaid. Shanya, da murje saiwa da tsiro kafin niƙa, da doguwar tafasa, su ne suke rage wannan guba, kuma duka ukun suna cikin tsarin aikin.

Mataki na gaba shi ne inda gwanintar ta fi bayyana. Dawa tana da wata matsala da sha'ir ɗin Turawa ba shi da ita. Sitacin sha'ir yana narkewa a zafin da bai wuce digiri 60 da kaɗan ba, zafin da amilas ke aiki a cikinsa lafiya lau, don haka Bature yakan zuba komai a tukunya ɗaya ya ɗumama. Sitacin dawa kuwa ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko fiye, a wannan zafi kuma sinadarin ya fara mutuwa. Ga abu biyu da ake bukata tare, amma wutar da ɗaya ke so tana halaka ɗayan. Masu dafa giyar dawa a Afirka ta Yamma sun warware wannan ƙulli da dabara mai sauƙi: a dama garin tsiro da ruwa a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama, wanda a cikinsa sinadarin yake, a ajiye shi gefe, a dafa mai kaurin da ya kwanta har sitacinsa ya nuna, a sauke ya huce kaɗan, sannan a mayar masa da ruwan da aka ajiye. Bayan haka sai a bar shi ya kwana ya yi tsami, aikin da ƙwayoyin bakteriya irin na nono ke yi, tsamin kuma yana hana miyagun ƙwayoyi hayayyafa. A sake tafasawa, a huce, a zuba ragowar tsohuwar tukunya da ke ɗauke da yis, a bar shi ya tashi. Aikin duka yana cin kusan mako guda. Irin wannan tsari, da 'yan bambance-bambance, shi ke bayan pito a Gana, da dolo a Burkina Faso, da cukutu a Benin da Togo, da bilbil a arewacin Kamaru.

Mai karatu Bahaushe da bai taɓa kusantar gidan burukutu ba yana iya zaton wannan ilimi na wasu ne can. To ya leƙa madafin gidansu ranar da ake kunun zaki. Uwargida takan jiƙa gero ko dawa, ta kai niƙa tare da citta da kanumfari da masoro, ta raba ƙullun kashi biyu. Kashi mai yawa ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri, ɗayan kuma ta bar shi ɗanye ta haɗa da niƙaƙƙen dankali ko tsiron shinkafa ko na dawa. In mai zafin ya ɗan huce sai ta juye ɗanyen a ciki, ta rufe ya kwana. Da safe kaurin ya saki, kunu ya tsinke ya yi zaƙi tun ba a sa sukari ba. Dabarar nan ɗaya ce tak da wadda aka bayyana a sama: a nuna sitaci da wuta a gefe guda, a kare sinadari daga wuta a ɗaya gefen, a haɗa su a zafin da ya dace. Dankalin Hausa ma saboda amilas ɗin da ke cikinsa ake sa shi. Inda hanyoyin biyu suka rabu shi ne a ƙarshe: mai kunu takan tace ta sayar a yinin, mai burukutu kuwa takan zuba yis ta ba shi lokaci ya mayar da sukarin barasa. Kashi mafi yawa na aikin, kuma mafi wuya, na kowa ne.

Ƙimar wannan ilimi ta fito fili a watan Janairun 1988, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Har zuwa lokacin manyan kamfanoni da kayan Turai suke aiki: Nigerian Breweries da ta fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949 ta kuma buɗe reshen Kaduna a 1963, da Guinness da ta kafa masana'antarta a Ikeja a farkon shekarun 1960, da kamfanin Jos mai yin Rock. Dare ɗaya aka ce su nemi abin yi a cikin gida, sai suka koma ga dawa da masara, suka ci karo da matsalar zafin nan da matan karkara suka daɗe da warwarewa. Irin dawa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta inganta, kamar gajeriyar kaura mai lamba SK5912, da farafara, suka zama kayan masana'anta. Ko bayan an ɗage hanin, dawa ba ta fita daga kamfanonin ba. Abin lura ga Musulmi shi ne, ba giya kaɗai ta ci moriyar wannan sauyi ba. Lemon malt marar barasa irin su Maltina da Malta Guinness, da ake rabawa a walimar aure da suna a Kano da Sakkwato, daga tsiron hatsi ake yin sa, kuma dawar manomin Arewa tana ciki. Najeriya tana cikin manyan masu noman dawa a duniya, tana girbe abin da ya kai tan miliyan 6 ko fiye a shekara, amma ribar tsirar da ita tana ƙarewa ne a Legas da Aba.

Suka ta farko da za a yi wa wannan bayani ta addini ce, kuma ita ce mafi nauyi. Za a ce Allah ya haramta giya a cikin Suratul Ma'ida, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haɗa mai yin ta da mai sayar da ita da mai ɗaukar ta cikin laifi, kuma abin da mai yawansa ke bugarwa to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ina dalilin yabon gwanintar mai dafa ta? Wannan hukunci tabbatacce ne, babu abin da ke cikin wannan babi da ke neman sassauta shi. Ba Musulmi kaɗai ba, majami'u irin su ECWA da ERCC, wadda hedikwatarta ke Alushi kusa da Akwanga, sun daɗe suna hana mabiyansu sha da dafawa. Amma fiƙihu da kansa ya ja layin a daidai inda wannan babi ya ja shi. Malamai sun halatta jiƙon dabino ko zabibi matuƙar bai kai ga bugarwa ba, sun haramta shi in ya kai. Inabi halal ne, ruwansa halal ne, giyarsa haramun ce. Haka tsiron dawa yake: hatsi ne da ya fara tsiro, babu maye a cikinsa ko ɗigo. Wanda ya fahimci matakan aikin shi ya fi iya tsare kansa, domin shi ya san kunun zakin da aka bari ya kwana biyu cikin zafi, ya fara kumfa da kaifi, ya kama hanyar zama wani abu daban. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma jahilci bai taɓa zama garkuwar taƙawa ba.

Suka ta biyu ta lafiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai, kuma duk wanda ya san karkara ya san gidajen da sha ya rusa: magidancin da ya sayar da hatsin shekara tun kafin bazara, da matar da ke shan duka, da ɗan acaɓan da ya hau titin Keffi zuwa Abuja a buge. Burukutu ba shi da ƙarfin barasa sosai, yawanci kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari, amma arharsa da girman ƙwaryar suna sa a sha da yawa. Ga kuma haɗarin da ke cikin dafuwar kanta: dawa mai fumfuna tana ɗauke da gubar afulatoksin mai lalata hanta, tsohuwar gangar da aka taɓa zuba magani ko mai a ciki tana sakin tsatsa da dafi, wasu kuma suna tsarma ogogoro don ya ƙara bugarwa. Abin da ya faru a Ode-Irele ta Jihar Ondo a watan Afrilun 2015, inda mutane da dama suka makance suka mutu bayan shan ogogoro mai gubar metanol, ya isa gargaɗi. Duk wannan gaskiya ne, amma ina ya kai mu? Sana'ar da hukuma ta yi kamar ba ta gani ba, ita ce ba a gwada ruwanta, ba a duba gangarta, ba a hana sayar wa yaro a cikinta. Kuma inda tukunyar gida ta mutu ba tare da an sama wa mutane wata hanya ba, abin da ya maye gurbinta shi ne barasar leda mai ƙarfin da ya ninka nata sau da yawa, wadda hukumar NAFDAC ta fara aiwatar da hana ta a watan Fabrairun 2024. Kawar da kai bai rage mashaya ba, ya dai ƙara musu haɗari.

Suka ta uku ita ce ta masu ganin zamani ya wuce wannan aiki: kamfani yana da ma'aunin zafi da ɗakin gwaji da sinadarin amilas na kwalba, me ya rage da za a koya daga mace mai murhun duwatsu uku? Amsar tana cikin kwanon kunun jariri. Yaron da ake yayewa cikinsa ƙarami ne. In aka dama masa koko mai kauri ba ya iya haɗiya, in aka tsinka da ruwa sai cikinsa ya cika alhali bai sami abincin kirki ba, kuma wannan yana cikin dalilan tamowa a Arewa. Tun a shekarun 1980 masu bincike a Tanzaniya da Indiya suka nuna cewa ɗan garin tsiron hatsi kaɗan, in aka barbaɗa a kan koko mai kauri da ɗuminsa, yana tsinka shi cikin 'yan mintuna ba tare da an ƙara ruwa ba, yaro ya sha abinci mai yawa a cikin kofi ɗaya. Kamfani ba zai kai wannan gari Gitata a farashin da talaka zai iya saya ba. Wadda za ta iya yin sa mai tsabta, ta san ranar da za ta katse tsiro, ta san yadda za ta murje saiwar mai guba, tana zaune a ƙauyen tun tuni. Sau da yawa kuma talauci ne ya riƙe ta a bakin tukunyar giya, da ita take biyan kuɗin makarantar 'ya'ya, dusar kuma ta ciyar da dabbobinta. Wa'azin da ya ce ta bari, bai nuna mata inda za ta kai gwanintarta ba, ya bar aikin rabi.

Keffi tana da kayan aikin da za ta cike wannan rabi. Akwai Jami'ar Jihar Nasarawa da ɗalibanta na kimiyyar ƙananan halittu da na sinadarai, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke karɓar yara masu tamowa da manya masu ciwon hanta, akwai kasuwar Mararaba da Masaka da Abuja a bakin ƙofa. Jami'a za ta iya zama da matan nan a matsayin masu ilimi, ta rubuta irin dawar da kowane yanki ke tsirarwa da kwanakinta da yadda ake gane nunarta, tun kafin tsofaffin su ƙare. Ƙananan hukumomin Keffi da Kokona da Karu za su iya sa ido a kan tsabtar ruwa da ganguna, su hana tsarma ogogoro da sayar wa yara, a matsayin kare rai, wanda wajibi ne a kan hukuma ko wane ne mai ran. Ƙungiyoyin mata, na masallaci da na coci, za su iya kafa wuraren tsirar da dawa da shanya ta a kan tsabta, su sayar da garin tsiro ga masu kunun zaki da asibitocin yara da masu yin lemon malt na gida. Mace da ta sami kasuwar halal ga abin da hannunta ya ƙware a kai ta fi saurin barin dafa giya fiye da wadda aka fasa wa tukunya aka tafi. Wanda yake son ganin maye ya ragu a ƙasar Keffi, shi ya fi kowa cancantar ya fara wannan aiki, kuma matakin farko shi ne ya yarda cewa akwai abin koyo a hannun maƙwabciyarsa.